Jitar Bahago

Litinin, 3 ga wata, 7:10 na safe

Ƙanena yana hannun 'yan sanda tun jiya da la'asar. Malamin jita yana asibiti. Muƙamuƙinsa ya karye wuri biyu, haƙora uku sun fita, idon hagu ya kumbura ya rufe. Ɗalibai tara ne a ajin lokacin da abin ya faru. Da agogon kiɗa ƙanena ya buge shi, wannan na katako mai ƙas-ƙas da Malam yake ɗorawa a kan tebur don kada mu yi sauri. An ce sau huɗu. Wata ɗaliba ta ce sau shida. Ba na wurin. Ajina ranar Asabar ne.

Shekara ashirin da shida ina gyara labaran wasu a jarida. Zan rubuta wannan yadda nake so 'yan rahoto su kawo mini nasu: wa, me, yaushe, a ina. Dalili sai daga baya.

Litinin, 2:30 na rana

Na sami ƙanena a ofishin 'yan sanda, zaune a kan benci bayan kanta, ba takalmi, jinin wani ya bushe a hannun rigarsa. Na kai masa burodi da ruwa. Bai taɓa ba.

“Yaya, ka ga abin da ya yi mata?”

“Na ji abin da ka yi masa.”

“Ji ka yi. Sana'arka ke nan, ji. Ni gani na yi. Ya fere ta, Yaya. Ya fere ta kamar fensir.”

Ɗan sandan da ke kan kanta ya ɗago kai ya ce, “Wace ce aka fere? Akwai mace a maganar?” Na ce masa jita ce. Ya yi dariya har ya ajiye biro.

Don tsari, ga abin da aka fere. Ƙanena mai walda ne, kuma bahago ne tun haihuwa, shi ya sa kowa yake kiransa Bahago, har Inna. Yana da shekara goma sha huɗu ya tsinci jita cikin tarkacen da aka kawo wa maigidansa. Ta masu dama ce. Ya juya ta kawai ya rungume, bai sauya wayoyin ba, don bai san ana sauyawa ba. Saboda haka waya mai kauri, wadda kowa yake da ita a sama, tasa tana ƙasa. Ba wanda ya nuna masa yadda ake ɗaure su, sai ya ɗaure yadda kunnensa ya so. Shekara talatin da ɗaya ke nan. 'Yan ƙarafan da ke jere a wuyan jitar sun cinye, sun yi ramuka daidai inda yatsunsa suke sauka. Bayan wuyan ma ya lotsa inda babban yatsansa yake kwanciya. Idan ya fito da ita ƙofar shago bayan an tashi aiki, masu babur suna kashe inji.

Malam ya cire tsofaffin ƙarafan ya sa sababbi, ya goge wuyan da samfefa ya shafa masa fenti, ya sauya ƙashin da wayoyi suke hawa a kai, ya jera wayoyin yadda littafi ya ce bahago ya jera. Aiki mai kyau. Na gan shi.

Talata, 4 ga wata, 6:40 na yamma

Labarin ya zo teburina. Kotu ce ta kawo, wadda ta shekara goma sha biyar tana bin 'yan sanda da alƙalai har sunan ya bi ta. Kalma ɗari biyu da goma ta rubuto. Gurbin da aka ba shi a shafi na biyar na kalma ɗari da hamsin ne.

Ƙa'ida ita ce idan labari ya shafi ɗan'uwanka ka miƙa wa wani. Ɗayan mai gyaran ya fita shan shayi. Na yanke sakin layi na huɗu, labarin ya zauna daram a gurbinsa. A ofis Almakashi suke kirana. Ba a taɓa cewa na yanke abin da bai kamata ba.

Laraba, 5 ga wata, 10:15 na safe

Kotu ta tsaya a kaina da jaridar a hannu.

“Almakashi, ina sakin layina na huɗu?”

“Gurbi.”

“Gurbi ko?”

“Kin san shafi na biyar.”

“Na san shafi na biyar. Na kuma san mai waldan nan yana da yaya ɗaya tak, kuma na san inda yake zama.” Ta ƙwanƙwasa teburina da yatsa sau biyu ta tafi.

Ga abin da sakin layin ya ce: “Malamin, wanda ba ya iya magana, ya rubuta wa 'yan sanda cewa yayan wanda ake zargi ne ya kawo masa jitar, ya ce mai ita ne ya aiko a gyara.”

Haka ne. Ni na kai ta.

Bahago ya tafi aikin tankuna na sati biyu a wani gari, ya bar jitar a gidana saboda rufin ɗakinsa yana yoyo. Ranar Asabar na sa ta a mota tare da tawa. Na ce wa Malam ƙanena ne ya roƙa a mayar masa da ita daidai, yana so ya fara koyo daga tushe. Da Bahago ya dawo ya tambaye ni ina take, na ce Malam ya zo gidana ya gan ta, ya ɗauka ya ce zai duba wani abu. Ƙarya biyu, kwana goma sha biyar tsakaninsu. Na ɗauka zai yi fushi na yini ɗaya.

Alhamis, 6 ga wata, 4:00 na yamma

An ba da belinsa. Ni na tsaya masa. A mota, da muka kusa gida, ya ce, “Ka iya sa hannu, Yaya. Dubi yadda ka murɗa shi.” Ban san abin da yake nufi ba. Wata ɗaliba ta riga ta kai wa matarsa jitar a cikin buhu.

Ban faɗa masa ba.

Asabar, 8 ga wata, 11:00 na safe

Babu aji. Na zauna na yi darasina duk da haka, littafi na biyu, shafi na arba'in da ɗaya, babban yatsa a bayan wuya, ba ya leƙowa sama. Minti arba'in. Ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Shekara biyu ke nan ina zuwa wurin Malam. Ina karanta rubutun kiɗa kamar yadda nake karanta kanun labarai. Na san sunan kowane kamun wayoyi. Bahago bai san sunan ko ɗaya ba. Yana ce musu “na kuka”, “na tafiya”, “na Inna”. A bara na kaɗa wa Inna waƙa guda daga farko har ƙarshe, wata uku ina shirya ta. Ta saurara da hannu a haɓa. Ta ce, “Sannu da ƙoƙari. Kira mini ƙaninka ya ɗan taɓa mana.”

Ban rubuta wannan a matsayin dalili ba. Ya faru ne, shi ya sa na rubuta.

Lahadi, 9 ga wata, 5:20 na yamma

Matar Bahago ta kira ni. Na tarar da fankar ɗakinsu a ƙasa, fiffike ɗaya ya lanƙwashe. 'Ya'yan suna gidan maƙwabta.

Tun Alhamis yake kan jitar. Ya mayar da wayoyin yadda suke a da, mai kauri a ƙasa. Ya sa magagari ya faɗaɗa ƙashin. Sauti yana fita, amma ba nasa ba. Shi ido rufe yake kiɗa tun yana yaro, yatsunsa suna bin ramukan nan su faɗa da kansu. Yanzu ƙarfe sumul ne ko'ina. Yatsa ya sauka, ya zame kaɗan, wayar ta yi ƙara kamar ƙuda a kwalba.

Ya kaɗa, ta yi ƙarar. Ya sake, ta sake. A karo na biyar ya ɗauki filaya ya jefi bango, siminti ya fashe ya faɗo a kan gado.

“Kai kana da littafi, ko ba haka ba? Idan wani ya shigo ya goge maka shi fari fat, ya ce ya yi maka gyara, me za ka yi masa?”

Na ce ban sani ba.

“Ni na sani. Na riga na yi.”

A ƙofa matarsa ta riƙe mini hannun riga. “Yaya, ka yi masa magana, kai kaɗai yake ji. Jiya ya kwana zaune da ita a cinya. Ni wallahi tsoro nake ji, ba don kaina ba.”

Ban faɗa masa ba.

Talata, 11 ga wata, 1:45 na rana

Na je asibiti. An ɗaure haƙoran Malam da waya, ta bututu yake shan abinci. Rabin fuskarsa baƙi, rabin ruwan ɗorawa. Yana da littafin rubutu a kan ciki. Rubutunsa bai canja ba, kowane harafi a tsaye kamar soja.

Ya rubuta: “Kai ka ce shi ya aiko ka.”

Na ce haka ne.

“Ka faɗa masa?”

Na ce zan faɗa.

Ya daɗe yana rubutu. Na kwafe shi a nan saboda ya yage takardar ya ba ni.

“Kafin in taɓa ta na yini ina kallon ramukan. Na zana su a takarda. Na gwada sa yatsuna inda nasa suke sauka, ban iya ba. Shekara arba'in ina koyarwa, babu wannan kamu a littafin da na sani. Na ajiye magagari na kwana. Da safe na ce mai abu ne ya ce a yi. Amma ka sani, yadda yake lanƙwasa wuyan hannunsa, nan da shekara biyar ba zai iya riƙe cokali ba. Wannan gaskiya ce ko ya buge ni ko bai buge ni ba. Kuma da ya iya karatun kiɗa da tuni an ɗauke shi a faifai. Sau biyu ana mayar da shi saboda ba ya iya bin sauran makaɗa.”

Duk gaskiya ne. Su ne dalilan da na ba kaina a mota ranar Asabar ɗin.

A ƙasa ya ƙara: “Ka yi hankali da ɗan ƙanwata. Na rubuta masa ya bar maganar. Ba ya karanta nawa, jarida yake karantawa. Ban gaya masa kai ne ba. Zai karya ka.”

Ɗan ƙanwar tasa shi ne Ƙato, direban babbar mota, shekara uku yana ajin Lahadi. A gabansa aka yi abin, mutum biyu ne suka riƙe shi. Na same shi a baranda, ya cika benci shi kaɗai. Ya zaro shafi na biyar daga aljihu, ya ninku har ya fara yagewa.

“Baba, ba kai ne yayansa ba? Ɗalibin Kawu ne kai kuma. To don Allah gaya mini. Me Kawu ya yi masa? Tsoho mai shekara sittin da takwas. Ko zagi ne, gaya mini, in san akwai wani abu.”

Na ce ban sani ba.

“Haka jaridarku ma ta ce.” Ya sa yatsa a kan layin ƙarshe.

Ban rubuta wannan ba ranar Talatar da ta wuce. Bayan na yanke sakin layin, sai gurbin ya rage layi ɗaya babu komai. Na cike shi da kalma shida: “Ba a san dalilin harin ba.”

Alhamis, 13 ga wata, 8:30 na safe

An fasa allon shagon Bahago. An yanka tiyon gas ɗinsa gida uku.

Alhamis, 3:10 na rana

Mutum biyu sun tare shi a bakin titi yana dawowa daga sayen sabon tiyo. Ba Ƙato a cikinsu. Ɗaya ya zo da sarƙar babur. Bahago ya karɓi bugu biyu a baya, ya kama mai sarƙar ya haɗa kansa da turken lantarki. Ɗayan ya gudu ya bar takalmi ɗaya. An yi wa Bahago ɗinki huɗu a gira.

Na same shi yana wanke fuska a bakin famfo, ruwan yana gangarowa ja. Dariya yake yi.

“'Yan ajinku ne, Yaya? Su ma da littafi suka koyi faɗa. Sai sun ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin su kai hannu.”

Na ce ya rufe shagon na sati ɗaya. Ya ce in rufe jarida na sati ɗaya. Na ce mu koma wurin 'yan sanda. Ya ce mutumin da ke kan beli ba ya kai ƙara, shi ake kaiwa.

Zan iya kiran Ƙato. Lambarsa tana cikin wayata, daga jerin 'yan aji. Jimla ɗaya ce. Na buɗe sunan na duba shi, na rufe.

Asabar, 15 ga wata, 11:00 na safe

Shafi na arba'in da biyu. Kuskure ɗaya.

Litinin, 17 ga wata, 6:15 na yamma

Na biya ta shago bayan aiki. Tun daga kwanar titi na ji jitar. Ba kamar da ba, akwai wuraren da yake tsayawa ya nemi hanya, amma “na tafiya” ne, ba shakka, kuma masu babur uku sun tsaya.

Idonsa a buɗe yake kiɗan. Ban taɓa ganin haka ba. Yana kallon yatsunsa kamar baƙi ne suka zo masa.

“Ta fara gane ni,” in ji shi. “Sabon ƙarfen nan taurin kai ne da shi, amma ni ma haka. Zan sake tona ramukan. Shekara talatin ce kawai.”

Ya ce in ɗauko tawa daga mota. Ya juya ta, ya murɗa kunnuwanta duka shida, ya kaɗa wani abu na minti biyu da ban san jitata tana da shi a ciki ba. Ya miƙo mini. “Lafiyarta ƙalau. Zaman kaɗaici ne ya dame ta.”

Sannan ya ɗauki littafina ya buɗe shi a juye, ya gyara. “Waɗannan ƙudajen da ke kan wayar shanya, su ne kuke karantawa?” Na nuna masa layuka biyar, na nuna masa inda kowace waya take. Ya gane cikin minti goma abin da ya ɗauke ni wata guda, sai dai komai nasa a kife yake, dole ya juya shi a kai. Ya ce ba laifi, akwai wayo a ciki. Ya ce da tsohon ya tambaye shi da baki, wataƙila da ya zauna ya koya.

Daga nan ya dube ni. Ya daɗe. Ɗinkin girarsa ya fara bushewa.

“Ba ka da wata magana, Yaya?”

Na ce Inna tana gaishe shi.

Laraba, 19 ga wata, 12:50 na rana

Asibiti. Suna ɗakin tiyata da Bahago.

Laraba, 5:30 na yamma

Daga bakin mai shagon taya da ke kusa da shi, da wata mai sayar da lemo a tsallaken titi. Bayanansu sun yi daidai in ban da yawan mutanen. Shi ya ce huɗu, ita ta ce uku.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Yana durƙushe yana walda, gilashi a fuska, bai ga shigowar Ƙato da mutanensa ba. Suka buge shi da ƙarfe a bayan gwiwa. Biyu suka danne shi a bakin ƙofa. Ƙofar shagon ta ƙarfe ce, shi ya ƙera ta, mutum ɗaya ba ya tura ta da hannu ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ya jawo hannunsa na hagu zai sa a jikin ƙyauren. Ƙato ya ce, “Ba wannan ba. Ɗayan.”

Bahago da hagu yake kaɗawa, amma da dama yake kama wayoyi. Duk aikin a dama yake. Wanda bai taɓa zama a aji ba ba zai san wannan ba. Ƙato ya shekara uku.

Sau uku suka rufe ƙofar. Mai taya ya ce bai yi ihu ba sai a na biyu. Mai lemo ta ce ta ji ƙarar daga tsallake, kamar ana taka busassun itace. Ba su taɓa jitar ba, tana rataye a ƙusa.

Akwai ƙashi ashirin da bakwai a hannun mutum. Likita ya ce goma sha ɗaya sun karye. Ya ce ƙashi ba shi ne damuwarsa ba, jijiyoyi ne.

Alhamis, 20 ga wata, 9:00 na safe

Ƙato ya kai kansa wurin 'yan sanda. An ce da jaridar a aljihu.

Malam yana hawa na biyu, Bahago yana ƙasa. Ma'aikaciyar jinya ta kawo mini takarda daga sama, ninki huɗu. Layi ɗaya ne: “Yanzu fa?”

Inna ta zo. Ta zauna a bakin gadon tana shafa masa ƙafa, bai farka ba. Ta ce da ni, “Kai ne babba, kana ina aka yi wannan?” Na ce ina ofis.

Juma'a, 21 ga wata, 4:20 na yamma

Kotu ta kawo labari na biyu. Ba ta ajiye a teburina ba, ta wuce ta ba edita hannu da hannu. Da ta dawo ta tsaya.

“Na mayar da sakin layina. Gobe zai fito, shafi na uku. Na gaya wa edita wanda ya cire shi da wanda ya ƙara layin ƙarshe. Ban yi don in ɓata ka ba, Almakashi. Na je na ga hannun.”

Na ce ta yi daidai.

“Kada ka ba ni maki. Je ka faɗa masa kafin matarsa ta karanta masa.”

Edita ya ce in tafi gida, za a kira ni. Na kwashe birona da kofina. Don tsari: ba ni na zaɓi ranar da zan faɗa ba. Maɗaba'a ce ta zaɓa.

Asabar, 22 ga wata, 10:40 na safe

Na shiga ƙarfe takwas, kafin masu jarida su iso ƙofar asibiti. Hannun yana rataye a kan ƙarfe, an naɗe shi har gwiwa, kan yatsu huɗu sun leƙo, sun kumbura, launinsu ba na mutum ba. Matarsa ta fita ɗebo ruwan zafi.

Na faɗa a tsaye, a jere. Ni na kai ta. Na ce wa Malam kai ka aiko. Na ce maka shi ya ɗauka. Na cire layin a jarida, na sa wani. Ƙato ya tambaye ni, na ce ban sani ba.

Yana kallon silin. Ya ce, “Ukun farko na sani.”

Na ce tun yaushe.

“Tun Laraba, ina tsare. Ɗan sanda ya karanta mini bayanin tsohon. Washegari ka zo ka sa hannu da murɗe-murɗenka.” Ya juyo da kai. “Na fasa wa tsoho baki a kan maganarka. Na ce bari in ga kwana nawa Yaya zai ɗauka. Kullum ka zo ina cewa yau ce. Har littafinka na buɗe maka.”

Na ce da ka tambaye ni.

“Na tambaye ka. Ka ce Inna tana gaishe ni.”

Wani majinyaci a gado na gaba ya rage rediyonsa.

“Na Ƙato ne ban sani ba. Ya tambaye ka da bakinsa?”

“E.”

“Yaushe?”

“Sha ɗaya ga wata.”

Na ga yana ƙirgawa da leɓe. Kwana takwas kafin ƙofar.

“To me ya sa ka kai ta?”

Na ce wuyan hannunka, Malam ya ce nan da shekara biyar.

“Ƙarya. Sake.”

Na ce faifai, sau biyu ana mayar da kai.

“Yaya, kai fa mai gyara ne. Sake.”

Na ce ina so in ga ka zauna a shafi na ɗaya kamar kowa. Sau ɗaya. In ga kana nema ba ka samu ba.

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa ƙarfe nawa. Ya ce in matso, bai ji sosai ba. Na matso. Kofin ƙarfe ne a kan durowar gefen gadonsa, kuma hannun hagunsa lafiya lau yake. Da kofin ya buge ni a baki. Sau biyu. Na biyun ya fizge allurar ruwan da ke hannunsa, jini ya fantsama a zanen gado, nawa da nasa. Ma'aikatan jinya biyu suka danne shi, yana cewa su yi hankali da hannun, su yi hankali da hannun.

Ɗinki uku a leɓe, haƙori ɗaya yana motsi. Wadda ta yi mini ɗinkin ta tambaya ko zan kai ƙara. Na ce a'a. Ta ce, “Ku dai gidanku Allah ya kyauta.”

Lahadi, 23 ga wata, 2:00 na rana

An hana ni shiga ɗakin. Ina zaune a baranda, a bencin da na sami Ƙato.

Likita ya yi mini bayani a tsaye, da yake sunana ne a takarda. Babban yatsa da manuni za su dawo. Ƙaramin da na kusa da shi, kada mu sa rai. Na tsakiya ne ba a sani ba. Na tambaye shi ko mutum zai iya kama waya da yatsa biyu. Ya ce shi ba makaɗi ba ne. Na hau sama na tambayi Malam. Ya rubuta: “Da manuni kaɗai, a'a. Da manuni da na tsakiya, ni ba zan iya koya wa kowa ba. Shi ban sani ba.”

Litinin, 24 ga wata, 8:05 na safe

Matarsa ta fito da buta a hannu, ta wuce ni, ta dawo. Ba ta kira ni Yaya ba. Ta ce da asuba tana goge masa fuska ta ga na tsakiyan ya motsa, kaɗan, sau ɗaya. Ta ce masa ya sake, bai sake ba.

Ita kaɗai ta gani. Likita zai zo ƙarfe goma.